Jagora ga ɗalibai: yadda ake auna rabuwa da sabuntuwar ƙwayoyin saman fatar ɓera

Ƙannena maza da mata na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina a Akra da kuka kai ajin ƙarshe a Jami'ar Ghana, Legon ko Korle Bu, wannan rubutu naku ne, musamman waɗanda suka zaɓi aikin bincike a kan fata. Tambayoyin da kuke tasowa da su daga gida masu kyau ne. Shin man kaɗe yana sa fata ta yi saurin sabuntuwa? Me man bilicin yake yi wa saman fata? Ganyen da kaka take dakawa ta ɗora a kan gyambo, yana aiki ko ba ya yi? Duk waɗannan ana iya gwada su a jikin ƙaramin ɓeran ɗakin gwaji, wanda nauyinsa bai wuce giram 20 zuwa 35 ba. Sai dai adadin ƙwayoyin da ke rabuwa a fatar ɓera yana hawa yana sauka da kansa ko ba a shafa masa komai ba. Yana bin wurin da aka yanko fatar, da shekarun ɓeran, da halin da gashinsa yake ciki, har da sa'ar da aka ɗauki fatar. Wanda bai ɗaure waɗannan huɗun ba, zai ƙirga abin da jiki ya yi da kansa ya jingina wa maganinsa. Rabin wannan jagora a kan ɗaure su yake.

Ku fara sanin abin da za ku ƙirga

Saman fata, wato efidamis, sahu-sahu yake. Sahun ƙasa yana zaune a kan wani siririn shimfiɗi da ya raba shi da fatar ciki, kuma a lafiyayyar fata a nan kaɗai ƙwayoyi suke rabuwa. Ƙwayar da ta daina rabuwa sai ta saki shimfiɗin ta haura, ta baje, ta cika cikinta da furotin masu tauri, daga baya ta zubar da cibiyarta, wato ma'ajiyar DNA ɗinta, ta zama busasshen ɓawo, ɓawon ya kakkaɓe. Ƙwayoyin sahun ƙasa ana gane su da furotin ɗin keratin 5 da 14, waɗanda suka haura kuma da keratin 1 da 10. A ɓera, ƙiyasin da aka fi ambato na wannan tafiya kwana 8 zuwa 10 ne, a mutum kuwa tana cin wata guda ko fiye.

Yadda sahun ƙasa yake cike gurbin waɗanda suka tafi, an daɗe ana muhawara a kai, kuma mai jarrabawa zai iya tambayarku. A 1974 Christopher Potten na Manchesta ya ce fata a rarrabe take gida-gida, kowane gida na da ƙwayoyi kamar goma a ƙasa, da uwa guda a tsakiya mai jinkirin rabuwa wadda ke haifar sauran. Wannan ra'ayi ya yi shekara talatin yana mulki a littattafai. A 2007 ɗakin binciken Philip Jones a Kambirij ya yi wa ɗaiɗaikun ƙwayoyin wutsiyar ɓera alama ta gado, ya bi zuriyarsu har shekara guda. Da ra'ayin Potten ne daidai, da kowace zuriya ta tsaya a girman gidanta. Abin da aka gani shi ne yawancin zuriyoyin sun ɓace, waɗanda suka rage kuma suna ta faɗi. Suka ce ƙwayoyin masu rabuwa duk iri ɗaya ne, kowace in ta rabu tana iya ba da masu rabuwa biyu, ko masu tafiya biyu, ko ɗaya-ɗaya, kuma a jimlace lissafin yana daidaita. A 2012 ɗakin Cédric Blanpain a Birasels ya kawo hujjar cewa a wutsiya akwai kuma wasu iyaye masu jinkiri da ke farkawa idan an ji rauni. Daga 2016 zuwa 2018 ɗakin Valentina Greco a jami'ar Yale ya riƙa ɗaukar hoton ƙwayoyi ɗaya a fatar ɓera mai rai kwana bayan kwana, ya nuna cewa galibi maƙwabciya ce take fara tashi ta bar gurbi, sannan ta kusa da ita ta rabu ta cike. Ku riƙe wannan na ƙarshe, domin zai yi muku amfani wajen fassara sakamako.

Mataki na 1: tambaya guda da takardar izini

Ku rubuta tambayarku a layi ɗaya, da wuri da lokaci a ciki. Misali: shafa abu kaza sau ɗaya kullum har kwana 7 yana canza kason ƙwayoyin sahun ƙasa masu kwafar DNA, wato masu shirin rabuwa, a fatar bayan ɓera? Tambayar da ta fi wannan faɗi ba za ta ƙare a zangon karatu ɗaya ba.

Kada ku taɓa dabba kafin kwamitin kula da dabbobin bincike na jami'arku ya ba da izini a rubuce. Jami'ar Ghana tana da nata, jami'ar KNUST a Kumasi ma tana da nata, kuma amsa takan ɗauki makonni, don haka ku miƙa da wuri. Za su auna ku da ƙa'idoji uku da Russell da Burch suka kafa a 1959: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan kyautata wa abin yanka, wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Ɓerayen ku samo su daga wurin kiwo na bincike, irin sashen dabbobin gwaji na Cibiyar Noguchi da ke Legon, wadda aka buɗe a 1979. Ɓeran da aka kamo a sito ko aka sayo hannun mai kiwon sha'awa ba ku san shekarunsa ba, ba ku san ƙwarin da ke jikinsa ba, kuma kwamiti ba zai karɓa ba.

Mataki na 2: shekaru, jinsi da zagayen gashi

A nan aikin ɗalibai da yawa yake lalacewa tun kafin a fara, don haka zan daɗe a kai. Gashin ɓera yana zagaye mai mataki uku: tsiro, janyewa, hutu. A watanni biyu na farkon rayuwa, kusan duk gashin bayansa tare yake tafiya. Akwai gajeren hutu wajen mako na uku, sabon tsiro ya biyo wajen mako na huɗu zuwa na biyar, sannan dogon hutu ya fara wajen mako na bakwai ya ɗauki makonni. Lokacin tsiro fata gaba ɗayanta takan yi kauri, saiwoyin gashi su nutse har cikin kitse, jijiyoyin jini su ƙaru, rauni ma ya fi saurin rufewa. Idan rukunin magani ya faɗo a tsiro, rukunin kwatanci yana hutu, bambancin da za ku gani na gashi ne.

Mafita ita ce ku fara gwaji da ɓeraye masu mako 7 zuwa 8, waɗanda aka haifa a 'yan kwanaki kusa da juna, ku gama kafin hutun ya ƙare. Bayan wannan lokaci bayan ɓera yakan rabu faci-faci, nan tsiro can hutu. A baƙin ɓera irin C57BL/6 ido ma yana gani: in an aske, fatar hutu ruwan hoda ce, ta tsiro kuma toka-toka zuwa baƙi, domin ƙwayoyin launi suna aiki ne kawai sa'ad da gashi ke tsiro. Amma farare irin ICR da BALB/c, waɗanda su muka fi samu a nan, launinsu ba ya gaya muku komai. Da su sai ku dogara da ranar haihuwa, sannan ku tabbatar a gilashi, wato siririn yankan fata da ake dubawa da maikuroskof: saiwar hutu gajeriya ce, ta tsaya a fatar ciki, ta tsiro doguwa ce mai ƙaton kai a cikin kitse. Duk ɓeran da gilashinsa ya nuna tsiro ku rubuta, kuma ku yanke tun kafin gwaji cewa irinsa za a ware shi.

Aski ma da sharaɗi. Ku yi da injin aski, a hankali, kwana ɗaya ko biyu kafin fara shafi. Tuge gashi yana tayar da tsiro nan take, man cire gashi da reza kuma suna ƙuna ko kartar fata su ingiza rabuwar ƙwayoyi.

Ku tsaya a jinsi ɗaya, ko ku raba lissafin maza da na mata. Mazan da ba tare suka tashi ba suna faɗa, kuma cizo a baya ko gindin wutsiya rauni ne da ke hura rabuwa a kewayensa. BALB/c maza sun yi suna a wannan. Kullum ku shafa yatsa a bayan kowane ɓera ku ji ko akwai ɓawon ciwo.

Mataki na 3: wane wuri a jiki

Baya ya fi sauƙin shafa magani, amma samansa siriri ne ƙwarai, rayayyun sahu biyu ko uku kacal, ga gashi a cunkushe. Kunne ba ya buƙatar aski, kuma kuna iya shafa wa ɗaya ku bar ɗayan, sai dai ɓera yana wanke fuska da hannu ya kai maganin can. Tafin ƙafa yana da kauri kuma ya fi kama da fatar mutum a yawan sahu. Wutsiya ita ce ta fi daɗin ɓarewa a kalle ta a shimfiɗe, amma kashi biyu ce a haɗe: akwai ɓawo-ɓawon da ke jere a zobe, akwai fatar tsakaninsu inda gashi ke fitowa uku-uku, kuma ƙwayoyin ƙarƙashin ɓawon sun fi saurin rabuwa. A dunƙule, ƙwayar sahun ƙasa takan rabu sau ɗaya zuwa biyu a mako, gwargwadon wurin. Ku zaɓi wuri ɗaya, ku auna shi da abin da ba ya motsi, misali santimita ɗaya daga gindin wutsiya ko tsakiyar baya daidai ƙasan kafaɗu, ku maimaita a kowane ɓera.

Mataki na 4: ɗaki da agogo

Ɓera dabbar dare ce, kuma fatarsa tana da agogo. Tun 1948 Bullough ya lura cewa rabuwar ƙwayoyin kunnen ɓera tana hawa da sauka a cikin yini. Binciken da ya biyo baya ya nuna kwafar DNA a saman fatarsa ta fi yawa a ƙarshen dare, ta fi ƙaranci da yamma. A 2011 ɗakin Aziz Sancar a Amurka ya haska wa ɓeraye hasken UV, wasu da ƙarfe 4 na asuba wasu da 4 na yamma, na asubar suka fi kamuwa da kansar fata nesa ba kusa ba. Wanda ya yi wa rukuni ɗaya allurar alama (za ta zo a mataki na 5) bayan Asuba, ɗayan bayan La'asar saboda lacca ta riƙe shi, ya yi daidai da wanda ya ƙirga motocin hanyar Madina zuwa Legon da bakwai na safe, ya sake ƙirgawa da tsakar dare, ya ce gari ya ragu.

Saboda haka ku sa sa'a guda ku riƙe ta, kuma ku cakuɗa rukunoni: ɓeran magani, na kwatanci, na magani, na kwatanci, har ku gama. Fitilar ɗaki awa 12 haske, awa 12 duhu. Akra tana kusa da tsakiyar duniya, dare da rana kusan daidai suke duk shekara, don haka ɗaki mai taga yana da ɗan sauƙi. Ɗakin da ba taga kuwa, in dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta zo janareta bai tashi ba, agogon ɓerayen ya rikice, na'urar sanyaya ɗaki ma ta tsaya. Ana so zafin ɗaki ya zauna tsakanin digiri 20 da 26, laima tsakanin kashi 30 da 70. An nuna cewa busasshiyar iska kaɗai tana ƙara kwafar DNA a saman fatar ɓera, don haka gwajin da aka fara a hunturu ba a ƙarasa rabinsa da damina a haɗa lissafi. Ku rataye ma'aunin zafi da laima ku riƙa rubutawa safe da yamma. Sababbin ɓeraye kuma a bar su mako guda su saba da ɗakin.

Mataki na 5: rukunoni da alama

Rukuni uku ne mafi ƙaranci: wanda aka aske kawai, wanda aka shafa wa abin da aka kwaɓa maganin da shi ba tare da maganin ba, da na magani. Na tsakiyan nan kada ku yi wasa da shi, domin basilin ko man kaɗe kaɗai suna rufe fata su canza fitar ruwa. In da hali ku ƙara na huɗu da abin da aka san aikinsa, kamar man siteroyid mai ƙarfi irin clobetasol, wanda aka san yana rage rabuwa yana sirantar da saman fata. In hanyarku ta kasa nuna aikinsa, ba za ta nuna na ganyenku ba. Rabon ɓeraye a rukuni ku yi shi da ƙuri'a, domin wanda hannu ya fara kamawa sau da yawa shi ne mai sanyin jiki.

Alamar gane ƙwayoyi masu rabuwa iri uku ce a gabanku. BrdU da EdU duk suna kama da ɗaya daga tubalan DNA, ƙwayar da ke kwafa a lokacin sai ta saka su a ciki. BrdU tsohon hannu ne, ana gano shi da antibodi, wato furotin da ke kama shi shi kaɗai, tun 1982, yana da sauƙin kuɗi, kuma ana iya rina shi ruwan ƙasa a gani da maikuroskof na yau da kullum, amma sai an buɗe DNA da asid. EdU, wanda Salic da Mitchison suka fito da shi a 2008, rininsa minti 30 ne ba asid, sai dai yana da tsada kuma yana buƙatar maikuroskof mai hasken fulorasan. Ki67 ba ya buƙatar allura ko kaɗan, furotin ne da ƙwaya ke ɗauke da shi muddin tana cikin zagayen rabuwa, shi ya sa adadinsa galibi ya fi na sauran biyun. Ɗalibin da kuɗinsa kaɗan ne, shawarata BrdU ko Ki67 da rinin ruwan ƙasa. Kafin ku yi odar komai, ku je ku ga maikuroskof ɗin da idonku ku tabbatar yana aiki.

Awon da aka saba na BrdU miligiram 50 ne ga kowane kilo, a ramin ciki. Ɓera mai giram 25 zai sha miligiram 1.25, in kun narka miligiram 10 a kowace mililita, allurarsa mililita 0.125 ke nan. Ku auna kowane ɓera a ranar. Waɗannan sinadarai suna taɓa DNA, don haka safar hannu da rigar aiki dole ne, mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan mataki.

In tambayarku ita ce nawa ke rabuwa yanzu, ku ɗauki fata awa 2 bayan allura. In kuwa sabuntuwa kuke nema, sai ku yi wa duka allura lokaci ɗaya ku ɗauki fata kashi-kashi: awa 2, kwana 1, kwana 3, kwana 7. A awa 2 masu alama ɗaiɗai suke a sahun ƙasa. Washegari za ku gan su bibbiyu kafaɗa da kafaɗa, uwa ta zama 'ya'ya biyu. Daga nan sai su fara bayyana a sahun sama, alamar tana dusashewa domin kowace rabuwa tana raba ta biyu. Wannan hanya tana cin ɓeraye da yawa, ku yi lissafinsu da malaminku kafin ku rubuta wa kwamiti.

Mataki na 6: ɗaukar fata

Kashe ɓera aikin wanda aka horar ne, ta hanyar da kwamiti ya amince. Ku shirya komai tukuna: kwalabe masu lamba, fomalin kashi 10 mai bafa, almakashi, hantsaki, da 'yan guntayen kati ko takardar tacewa. Fatar baya da an yanko ta take nannaɗewa, don haka ku shimfiɗa ta a kan katin, cikinta a ƙasa, ba ja ba miƙewa, ku bar ta minti ɗaya ta kama, ku zana kibiya da fensir mai nuna kai zuwa wutsiya, sannan ku jefa a fomalin. Fensir, domin tawadar biro tana narkewa a barasa da zailin. Fomalin ya ninka naman sau goma zuwa ashirin, ya kwana ɗaya, awa 24, sannan a mayar cikin barasa kashi 70. Naman da aka manta a fomalin mako biyu saboda hutu, antibodi zai sha wuyar kama shi.

Wajen zuba kakin da ake daskarar da fatar a ciki don yanka ta, ku tsaya kusa da ma'aikacin ɗakin, ku roƙe shi cikin ladabi ya tsayar da fatar a gefenta, yankan ya bi kwanciyar gashi. In an yi daidai za ku ga saiwar gashi doguwa daga baki har ƙasa. In kun ga zobba-zobba, yankan ya karkace, kuma karkataccen yanka yana sa saman fata ya yi kamar ya yi kauri. Kaurin yanka maikuron 4 zuwa 5.

Mataki na 7: ɓare saman wutsiya

Wannan hanya, da ɗakin Fiona Watt ya bayyana a 2003, tana ba ku dubban ƙwayoyin sahun ƙasa a fili ɗaya, kuma ba ta buƙatar injin yanka. Ku tsaga fatar wutsiya a tsaye da aska, ku zare ta daga ƙashi, ku yanka guntaye kamar rabin santimita. Ku jiƙa su a EDTA mai ƙarfin milimola 5 cikin PBS, wato ruwan gishiri mai bafa, a digiri 37, awa 4. EDTA tana janye kalsiyam da magniziyam da ƙwayoyi ke riƙe shimfiɗinsu da su. Sai ku ɗora guntun a faranti ƙarƙashin madubin ƙara girma, ku danne farar fatar ciki da hantsaki ɗaya, ku kama gefen saman da ɗayan, ku ja a hankali ta bin kwanciyar gashi. In ya nuna, zai taso a falle ɗaya, siriri har haske na ratsa shi, saiwoyin gashi da jakunkunan maiƙo suna reto a ƙasansa uku-uku. In yana yagewa, ku mayar da shi rabin awa, kada ku yi masa ƙarfi. Ku kafe fallen a fomaldehaid kashi 4 na awa ɗaya zuwa biyu, ku wanke da PBS, ku ajiye a firji. Ranar da za ku yi wannan ku tabbatar akwai wuta ta awa huɗu, domin in ruwan ɗumin ya huce, ɓarewar ba za ta yi ba. Wajen ɗorawa a gilashi, ɓangaren da saiwoyi suke shi ne zai kalli murfin.

Mataki na 8: rini

Daga kowane kaki ku fara da gilashi ɗaya na H&E, wato rinin hematokzilin da iyosin, shi zai nuna muku halin gashi, kumburi da kyan yanka. Na Ki67 da BrdU ana cire kaki, a dafa gilashin a ruwan sitiret mai pH 6 kamar minti 20, BrdU kuma a bi umarnin mai antibodin game da asid. A kowane zagaye ku sa gilashi ɗaya da ba a zuba wa antibodin farko ba, da yankan hanjin ɓeran da aka yi wa allura. Ramukan hanji cike suke da ƙwayoyi masu rabuwa. In hanji bai yi launi ba, ko allura ce ba ta shiga ba ko rinin ne ya ƙi, kuma babu abin da za ku ce game da fata. Duk rukunoni a rina su rana ɗaya da haɗi ɗaya.

Mataki na 9: ƙirga

Ku ba abokin karatu gilasan ya rufe lambobin da tef ya sa nasa, ya riƙe takardar har ku gama. Ba zargin kowa ake yi ba, ido ne yake karkata wajen abin da zuciya ke so, musamman a kan ƙwayar da launinta ke tsaka-tsaki. Kafin ku fara, ku zaɓi hoto ɗaya ku ce daga wannan duhun zuwa sama shi ne mai alama, ku manna shi kusa da ku.

Ku ɗauki hotuna da girma ɗaya, daga wuraren da kuka tsara tun farko, misali kowane fili na uku daga hagu. Manhajar ImageJ kyauta ce kuma tana da abin danna ƙirga. Ku ƙirga cibiyoyin sahun ƙasa da ke tsakanin ramukan gashi kaɗai, ku tsallake bakin ramin, domin nan lissafinsa daban ne. A wutsiya ku raba na ƙarƙashin ɓawo da na tsakani. Ku nemi ƙwayoyi 500 zuwa 1,000 a kowane ɓera. Masu alama a raba da jimla a ninka da ɗari: in a ce 48 ne cikin 800, kashi 6 ke nan. Kauri kuma ku auna daga shimfiɗin ƙasa zuwa ƙarshen rayayyun ƙwayoyi, ku bar busasshen ɓawo, domin yakan tashi wajen yanka.

Ɓera ɗaya lamba ɗaya yake bayarwa. Hoto ashirin daga ɓera ɗaya ana haɗa su a fitar da matsakaici, shi ne zai shiga lissafi. Mai ɓeraye biyar a rukuni, biyar yake da su ko da hotunansa ɗari ne. A jadawali ku nuna ɗigon kowane ɓera a fili, mai karatu ya ga yadda suka warwatsu.

Mataki na 10: me lambar take nufi

Yawan masu alama ba ya nufin fata ta ji daɗi. Duk abin da ya ƙona fata, ya kankare ta ko ya kumbura ta, yana sa ƙwayoyi su yi ta rabuwa don cike ɓarna, kamar yadda aikin ɗakin Greco ya nuna cewa gurbi ne ke kiran rabuwa. Ku koma gilashin H&E: in saman ya yi kauri, fararen ƙwayoyin jini sun taru a fatar ciki, ɓawo ya riƙe cibiyoyinsa a inda bai kamata ba, to abin da kuka shafa ya fusata fatar ne. Keratin 6 yana tabbatar da haka, domin lafiyayyar fatar baya ba ta nuna shi a tsakanin gashi. Haka kuma BrdU na iya yawa don ƙwayoyi sun maƙale a tsakiyar kwafa sun kasa wucewa. Abin da zai raba gardama shi ne gilashin kwana ɗaya: in an gan su bibbiyu, sun rabu. Wanda ya ɗauki fata a awa 2 kaɗai, ya rubuta cewa ya auna kwafar DNA, kada ya rubuta sabuntuwa.

Sai taka-tsantsan wajen kai sakamako kan mutum. Saman fatar mutum ya ninka na bayan ɓera kauri sau da yawa, don haka magani ya fi ratsa ta ɓera. Ƙwayoyin launi a bayan ɓera cikin saiwar gashi suke, mu kuwa a sahun ƙasa suke ko'ina, saboda haka mai binciken man bilicin zai iya nuna sirancewar fata a bayan ɓera, amma ba zai iya nuna canjin launi a nan ba, balle a farin ɓera. Raunin ɓera kuma galibi tsukewa yake yi saboda wata siririyar tsoka da ke ƙarƙashin fatarsa, namu kuwa cikowa yake yi, don haka saurin rufewar rauni a ɓera ba ya zama hujjar rabuwar ƙwayoyi sai an gani a gilashi.

A rahotonku ku bi jerin ƙa'idojin rubuta rahoton binciken dabbobi na ARRIVE da aka sabunta a 2020: irin ɓera, jinsi, shekaru da kwanaki, lambar izini, wurin fata, halin gashi, sa'ar allura da ta ɗaukar fata, zafin ɗaki da laima, ɓerayen da aka ware da dalili. Kakin da ya rage ku rubuta masa lamba da fensir, ku sa a kwali nesa da rana da zafin janareta, ku miƙa wa malaminku tare da kwafin littafin aiki, domin yana shekaru bai lalace ba kuma ɗalibin baɗi zai iya yanka shi ya yi wani rinin ba tare da an kashe sabon ɓera ba.